Layukan zanen gini da na ƙira: ma'anar kowane iri



Da yawa a cikinmu sun taɓa riƙe takardar zanen gida, wadda ma'aikata ke ce wa filan, ko an miƙo ta hannu da hannu, ko an turo hotonta ta WhatsApp. Ɗan uwa yana Abijan ko Kwatano ko Legas, ko can Libiya, yana ƙulla ƴan kuɗinsa yana aikowa a tada masa ɗaki biyu da salo, ƙanensa ko baffansa ne ke tsaye kan aikin a gida. Takarda ɗaya suke kallo, amma sau tari babu wanda ya san abin da ya sa wani layi ya yi kauri, wani ya yi siriri kamar gashi, wani kuma aka ja shi guntu-guntu. Wasu na zaton ado ne, wasu su ce na'urar bugawa ce ta yi gardama. Alhali kowane irin layi magana yake yi, kuma manyan cikinsu ma'anarsu ɗaya ce a Yamai da Kano da Faris. Wanda ya iya karanta su yana kama kuskure tun yana kan takarda, inda gogewa kawai ake yi. In an riga an zuba beto, gyara sai da guduma, kuma simintin da aka fasa ba ya komawa buhu.

Daga ina ƙa'idar ta fito?

Maginanmu na gargajiya ba su buƙaci takarda ba. Babban magini yakan zo fili ya ja ƙafa a ƙasa, ko a zuba toka, a ce nan zaure, nan turaka, nan ɗakin uwargida. Wanda ya tsara shi ne ke tsaye har a gama, in an yi shakka sai a waiga a tambaye shi. Yau kuwa mai zane yana ofis a birni, maso yana ƙauye, mai kuɗin yana wata ƙasa. Takardar ce ke magana a madadinsu, don haka dole a yi mata harshe ɗaya.

Hanyar nuna abu a kan takarda ta fuskarsa da ta samansa da ta gefensa, wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Gaspard Monge ne ya tsara ta sosai, littafinsa ya fito a 1799. Daga baya kowace ƙasa mai masana'antu ta yi nata dokokin zane. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, wadda aka kafa a 1947 kuma take zaune a birnin Janeba na ƙasar Suwis, ita ta haɗa su a ƙa'idar da ake kira ISO 128, wadda ta fito a 1982, ana kuma sabunta ta lokaci-lokaci. Nijar ta gaji tsarin Faransa, Najeriya ta gaji na Ingila, amma ƙasashen Turan biyu sun karɓi wannan ƙa'ida, shi ya sa filan ɗin da aka zana a Katsina ba baƙo ba ne ga ma'aikacin Maraɗi. Irin wannan zane ana koyon sa a makarantun fasaha, kamar Lise Teknik Ɗan Kasawa da ke Maraɗi da makarantar EMIG ta Yamai.

Ƙa'idar ta lissafa layuka na asali iri 15, amma waɗanda za ku riƙa gamuwa da su kullum ba su wuce shida ko bakwai ba. Abu biyu ake duba wa kowane layi: kaurinsa, da yadda aka ja shi, a haɗe ne ko a tsintsinke.

Maganar kauri

Kaurin layi ba a ga dama ba ne. A milimita, matakan da aka yarda da su tara ne: 0,13, 0,18, 0,25, 0,35, 0,5, 0,7, 1, 1,4 da 2. Kowane mataki ya fi na bayansa kusan sau 1,4. Dalilin yana ga takarda: A3 mai milimita 297 da 420 ita ma ta fi A4 mai 210 da 297 da wannan gwargwado. In aka rage zanen A3 zuwa A4 a wurin mai fotokopi, layin 0,7 sai ya koma 0,5, na 0,35 ya koma 0,25, ka ga ba a fita daga tsarin ba.

A zanen ƙarfe da injuna kauri biyu ake amfani da su a takarda ɗaya, kakkauran ya ninka siririn sau biyu, misali 0,5 da 0,25. A zanen gini akan yi uku: siriri, kakkaura, da mai kauri ƙwarai wanda ya ninka siririn sau huɗu, misali 0,25 da 0,5 da 1. Layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kuma, ba a so tazararsu ta gaza milimita 0,7, don kada su manne in an buga.

Kafin a shiga jerin layukan, sai an gane yadda filan yake kallon gida. Ku ɗauka an sa wata ƙatuwar wuƙa an yanke gidan a kwance, kamar mita ɗaya daga daɓe, daidai inda za ta ratsa ƙofofi da tagogi, aka ɗauke saman kamar faifai, aka leƙa ciki daga sama. Abin da wuƙar ta yanka, da abin da ido ya hango a ƙasa, da abin da ya ɓuya, kowanne da irin layinsa.

Kakkauran layi marar tsinkewa

Wannan shi ne uban layuka. A zanen ƙarfe yana nuna gefen abu da duk wata kusurwa da ido ke gani in an tsaya ta wannan fuska. Mai walda in ya ga kakkauran layi ya san nan ƙarfe ya ƙare, nan ake yanka.

A filan ɗin gida, mafi kauri yana kewaye abin da wuƙa ta yanka, wato bango da ginshiƙin beto da ake ce wa poto. Bango layi biyu ne masu kauri, tsakaninsu shi ne faɗin birki. Inda layukan nan biyu suka katse, to buɗi ne: in an cike gurbin da siraran layuka biyu ko uku, taga ce, in an bar shi fayau da alamar ganyen ƙofa, ƙofa ce. Abin da ake gani amma wuƙa ba ta kai gare shi ba, kamar matakala, dakali, ko gajeren bangon baranda, da layi matsakaici ake zana shi. Don haka bango mai kakkauran layi ya haura inda aka yanka, mai sassauƙan layi kuwa gajere ne. Wanda bai lura ba sai ya sa a tada katanga har sama inda aka nufi ɗan shinge na zama.

Siririn layi marar tsinkewa

Siririn layi ya fi kowane yawa a takarda, kuma mafi yawansa ba gini ba ne, bayani ne. Na farko shi ne layin awo: dogon siririn layi mai kibiya ko ƴar karkatacciyar sanda a kowane ƙarshe, da lamba a samansa. Lambar ita ce tsawon abin. Daga gefen bango ko ƙarfe wasu siraran layuka biyu sukan fito su tare shi, su ne ke nuna daga ina zuwa ina aka auna. Ku bi su da yatsa har inda suka taɓa zanen, don a nan ake gane awon na cikin ɗaki ne ko na waje.

Akwai layin nuni, wanda ke tasowa daga rubutu ya je ya taɓa abin da rubutun ke magana a kai. Akwai kwatan da'ira a bakin ƙofa, mai nuna inda ganyen ƙofar zai share in an buɗe ta, da kuma gefen da take buɗewa. Wannan ɗan lanƙwasasshen layi shi ke gaya muku ƙofar za ta bugi gado ko za ta rufe makunnin wuta. A kan matakala akwai siririyar kibiya, kanta yana kallon inda ake hawa.

Sai layukan cike, waɗanda ake jerawa a karkace, yawanci a kan digiri 45. Suna nuna naman abin da aka yanka. A zanen inji, in ƙarfe biyu suna manne, ana karkata na ɗaya hagu na ɗayan dama, don a gane ba guda ba ne. A zanen gini kuma salon cikon ne ke bambanta beto da birki da katako da ƙasa.

Masu aikin noti su ma su lura: ba a zana zaren noti ɗaya bayan ɗaya. Kakkauran layi ne ke nuna saman zaren, siriri a gefensa yana nuna gindinsa. In an kalli notin ta kai, siririn yakan zama da'irar da ba ta rufe ba, kashi uku cikin huɗu.

Layi guntu-guntu

Shi ne wanda aka ja da gajerun sanduna masu tsawo ɗaya, da ƴar tazara a tsakani. Ma'anarsa: akwai abu a nan, amma daga inda kake tsaye ba ka ganin sa. Bisa ƙa'ida kowace sanda tana ninka kaurin layin sau 12, tazarar kuma sau 3. In layin na 0,25 ne, sandar milimita 3 ce, tazarar ba ta cika milimita ɗaya ba.

A ƙarfe, yana nuna rami ko huda da ke ciki. A ce an kawo wa mai gyaran injin niƙa zanen wata sandar ƙarfe, da layuka biyu guntu-guntu suna shiga cikinta. In sun ratsa har ɗaya ƙarshen, hudar ta fita waje. In sun tsaya a tsakiya wani guntun layi ya rufe su, rami ne mai iyaka, kuma wanda ya huda shi har waje ya ɓata ƙarfen.

A gida, layi guntu-guntu yakan nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa: faɗin harsashi, ramin masai da ake ce wa fos, tiyon ruwan datti. Masu zane da yawa kuma da shi suke nuna abin da ke saman kai, wanda aka ɗauke da aka yanke gidan, kamar gungumen beton da ke ɗauke da dal, wato putir, ko bakin rufin kwano da ya zarce bango. Wasu kuwa da wani irin layi suke nuna na saman. To a nan ne tambaya ta zama dole: wannan a sama yake ko a ƙasa? Murabba'in guntu-guntu a tsakar gida yana iya zama rumfa, yana iya zama fos. In fos ne, ba a dasa bishiya a kansa, ba a tada ɗaki a kansa, kuma ba a gina rijiya kusa da shi.

Dogo da ɗigo: layin tsakiya

Siriri ne, ana ja doguwar sanda, a sa ɗigo, a sake doguwar sanda. Doguwar tana ninka kaurin layin sau 24, wato milimita 6 a layin 0,25. Ma'aikata suna ce masa akis. Babu abin da za a gina ko a yanka a kansa. Yana nuna tsakiyar abu ne: tsakiyar rami, tsakiyar sandar ƙarfe, tsakiyar bango ko poto, ko wurin da abu ya rabu gida biyu masu kama da juna. Yakan ɗan zarce gefen abin, kuma a tsakiyar da'ira dogayen sanduna ne ke gittawa, don a ga ainihin cibiyar.

In kun ga da'ira ta dogo da ɗigo a kan faifan ƙarfe da ƙananan ramuka jere a kanta, ba yanke ta za a yi ba, hanyar da cibiyoyin ramukan noti ke bi ce. Alamar Ø gaban lamba tana nufin faɗin da'ira daga baki zuwa baki, harafin R kuma rabin wannan.

A babban filan, layukan tsakiya sukan ratsa gidan a tsaye da a kwance, kowanne da ƴar da'ira a ƙarshe, na gefe ɗaya da haruffa, na ɗayan da lambobi. Su ne ke zama igiyoyin da maso ke ɗaurawa a kan katakai ranar fitar da harsashi. Suna kuma sauƙaƙa magana ta waya: maimakon a ce poton nan na kusa da ƙofa, sai a ce poton B-3, kowa ya sa yatsa a wuri ɗaya.

Ga inda ake yawan asara. A ce ɗakuna uku ne a jere, birki na 20, an rubuta mita 4 daga akis zuwa akis. Cikin kowane ɗaki mita 3,80 ke nan kafin shafe, gidan duka daga waje zuwa waje mita 12,20. In maso ya ɗauki mita 4 ɗin a matsayin cikin ɗaki, gidan zai koma mita 12,80. Santimita 60 sun ƙaru. A filin da aka auna daidai wa daida, wannan ya isa ya cinye lungun da aka bari, ko ya shiga filin maƙwabci, a wayi gari ana gaban mai gari ko ma'aikatar magajin gari.

Layin yanka

Shi ma dogo da ɗigo ne, amma an ƙara masa kauri, musamman a ƙarshensa biyu da inda ya yi kwana. A kowane ƙarshe akwai kibiya da harafi iri ɗaya, A da A, ko B da B. Yana cewa: an sake yanka gidan a nan, wannan karon a tsaye, kamar yadda ake raba kabewa, je ka nemi hoton yankan. Za ku same shi a wani gefen takardar ko a wata takarda, an rubuta masa Coupe A-A da Faransanci, ma'aikata na cewa kup. Kibiyoyin suna nuna ɓangaren da ake kallo bayan an yanka.

A cikin kup ne ake ganin duk abin da ya shafi tsayi da zurfi: zurfin harsashi, tsayin taga daga daɓe, tsayin ɗaki, gangaren rufi. Daɓen ɗaki yawanci shi ne ±0,00, abin da ke sama da shi yana da alamar ƙari, na ƙasa da shi alamar ragi. A nan ake duba da santimita nawa daɓe ya ɗara tsakar gida da hanya, kuma duk wanda ruwan damina ya taɓa shigar masa ɗaki ya san nauyin wannan lamba. Filan mai layin yanka amma babu kup ɗinsa, takarda ce da ba ta cika ba, ku nemi sauran.

Dogo da ɗigo biyu

Siriri ne, doguwar sanda da ɗigo biyu a tsakani. Yana nuna abin da ba ya cikin aikin da ake zanawa amma yana da alaƙa da shi: ƙarfen da ke maƙwabtaka da wanda za a ƙera, iyakar inda abu mai motsi zai kai, kamar hannun famfo in an ɗaga shi har ƙarshe, ko siffar ƙarfe kafin a lanƙwasa shi. Mai walda da aka ba zanen ƙofar gida, in ya ga ginshiƙai da irin wannan layi, an nuna masa inda ƙofar za ta zauna ne, ba a ce ya ƙera su ba, kuma ba sa cikin lissafin kuɗinsa.

Layin katsewa

Wani siriri ne mai ɗan lanƙwashe-lanƙwashe kamar an ja da hannu, wani kuma miƙaƙƙe ne da ke yin ɗan tsalle mai kama da haƙorin zarto. Ma'anarsu ɗaya: abin bai ƙare a nan ba, mai zane ne ya taƙaita. Tiyo mai mita 6 ba zai shiga takarda ba, sai a zana kansa da gindinsa, a katse tsakiyar, a rubuta cikakken tsawon a layin awo. A kan matakalar bene ma za ku gan shi ya gitta a karkace, daidai inda wuƙar filan ta yanka ta. Matakalar tana ci gaba har sama.

In layuka sun haɗu wuri ɗaya

Yakan faru gefen da ake gani da wanda ya ɓuya da tsakiyar abu su faɗo kan layi guda. Ƙa'ida ta jera su: wanda ake gani ne kan gaba, sai ɓoyayye, sai layin yanka, sannan layin tsakiya. Ke nan kakkauran layi yana iya rufe wani abu a bayansa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da hoto ɗaya, sai an haɗa filan da fuskar gida da kup.

Lamba ta fi ma'auni

A ƙasan takarda, cikin akwatin da ke ɗauke da sunan aikin da kwanan wata, akwai gwargwadon ragi, wato eshel. In an rubuta 1/100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a fili. In 1/50 ne, santimita biyu ne mita ɗaya. A 1/100, bangon birki na 20 milimita biyu ne kacal, layin 0,5 shi kaɗai ya cinye santimita 5 na fili. A takardar fili mai 1/500, kuskuren milimita ɗaya rabin mita ne a ƙasa. Balle an rage takardar a fotokopi ko an ɗauki hotonta a karkace. Don haka ba a ɗora ma'auni a kan filan a ce an samu awo. Lambar da aka rubuta ita ake bi, in babu lamba a kira mai zanen. Iyakar fili kuma, ko da wane layi aka zana ta, duwatsun iyaka na siminti da masu awon fili suka kafa su ne shaida.

Masu aiki tsakanin ƙasashen biyu su kula da wani abu. A filan ɗin Nijar akan rubuta mita da santimita, 3,60 ko 360. A na Najeriya akan rubuta milimita, 3600. Tsawon ɗaya ne. Birkin ma ya bambanta: a nan na 15 da na 20 aka saba, a can na inci 6 da na inci 9, wato milimita 150 da 225. Filan da aka zana wa birkin inci 9, in aka gina shi da na 20, awon ɗakunan zai ɗan motsa.

Launi da jadawalin alamomi

Takardun ruwa da na wutar lantarki suna da nasu layuka, kuma a nan masu zane sukan bambanta. Wani ya nuna ruwan sha da layi a haɗe, ruwan datti da guntu-guntu, wani ya yi amfani da launi. Shi ya sa ake sa ɗan jadawali a gefe, inda aka ja guntun kowane layi aka rubuta ma'anarsa, da Faransanci Légende. Shi ake fara karantawa. A zanen gyaran tsohon gida, al'adar Faransa ita ce ja na nufin abin da za a gina sabo, rawaya na nufin abin da za a rushe. In aka yi wa irin wannan takarda fotokopi baƙi da fari, saƙon ya tafi, kuma ana iya rushe bangon da aka ce a bari.

Yau yawancin filan da kwamfuta ake zana su, da manhajoji irin su AutoCAD, wadda ta fito tun 1982. Na'ura ba ta canza ma'anar layukan ba. In an bugo muku takarda duk layukanta kauri ɗaya, bango da layin awo ba bambanci, ku ce a sake bugawa. Ga ƴan koyo masu ja da hannu, fensir mai tauri, H ko 2H, shi ne na siraran layuka, HB ko B na kakkaura, kuma da siriri ake fara tsara komi kafin a bi da mai kauri.

Ga na nesa da mai tsaye kan aiki

Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp yakan rage kyau, kuma siraran layuka da ɗigo su ne ke fara ɓacewa. Layin tsakiya ya koma kamar guntu-guntu, guntu-guntu ya koma kamar a haɗe. Ku roƙi mai zanen ya turo takardar a PDF. In hoto ne dole, a shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a ɗauke ta daga sama sosai, a ƙara da hotunan kusa na kowane ɓangare. Ku tabbata kwanan watan da ke takardar na waje da ta hannun maso ɗaya ne, don filan yakan sha gyara.

Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna da maso da takarda a gaba, na waje yana kan waya. A bi kakkauran layuka a ƙirga ɗakuna da ƙofofi da tagogi. A tsaya kan kowane layi guntu-guntu a tambaya mene ne, a sama yake ko a ƙasa. A duba kowane awo, daga akis ne ko daga fuskar bango. A nemi kup na kowane harafi. In igiyoyi sun ɗauru, a sake aunawa da mita tun ba a fara gina rami ba. Babu kunya a cikin wannan, matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikacin kirki ya fi son a tambaye shi yau da a kira shi gobe ya rushe aikin hannunsa.

Bayan an gama gini kada a jefar da takardar. A adana ta tare da takardun fili, don ranar da za a ƙara ɗaki ko a nemi inda tiyo ya bi, layukan nan guntu-guntu su ne za su tuna abin da kowa ya manta.

Allah ya sa a fara a sa'a, a gama lafiya, a shiga da alheri.